Juyen Man Tiransifa: Shawara Ga Masu Kat-Kat A Kwatano

Ka tambayi mai Hilux ko Land Cruiser a Zangon Kwatano yaushe ya yi juyen baƙin mai, zai faɗa maka nan take, har da kilomitar da ta rage kafin na gaba. Man giyabos kuwa sai ya ɗan yi tunani. In ka kai ga tiransifa, amsar da aka fi bayarwa ita ce, "Ai ba ta taɓa ba ni matsala ba." Gaskiyarsa ce, domin tiransifa ba ta kai ƙara da wuri. Inji yana da sandar awon mai, yana da fitila a dashbod da za ta kunnu in man ya yi ƙasa. Ita ba ta da sanda, ba ta da fitilar mai. Ranar da kukanta ya iso kunnenka a cikin mota, ɓarna ta riga ta yi nisa, kuma abin da za ka kashe wajen sayo wata ta hannu, da kuɗin ɗauri, da kwanakin da motar za ta yi a gareji, ya fi kuɗin lita ɗaya ko biyu na mai nesa ba kusa ba.

Ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin motarsa ba, tiransifa ita ce ƙaramin akwatin ƙarfen nan da ke manne a bayan giyabos, wajen tsakiyar mota. Ƙarfin inji yana ratsa giyabos ya shigo cikinta, ita kuma ta raba shi biyu: farfela ɗaya ta nufi aksul na baya, ɗaya ta koma na gaba. Duk akwatin da ka ga farfela biyu sun fito daga jikinsa, to ita ce. Ƙaramar libar da ke gefen libar giya, mai 2H da 4H da 4L, ko maɓallin da ake murzawa a sababbin motoci, da ita suke magana. A cikinta akwai boris da haƙoran giya, a yawancin motocin yau kuma har da sarƙa mai faɗi da ke kai ƙarfi ƙafafun gaba. Land Cruiser 70 da 80 da 100 da Land Rover Defender ba su da sarƙa, haƙori ne ke cin haƙori. Duk waɗannan ƙarafa ɗan mai kaɗan ne ke tsakaninsu da gogayya, a wasu motocin lita ɗaya tak.

Wani zai ce shi a 2H yake yawonsa, bai fi sau biyu a shekara yake sa kat-kat, wato jan ƙafa huɗu, ba, saboda haka tiransifarsa hutawa take. Ba ta hutawa. Ko a 2H, ƙarfin da ke zuwa ƙafafun baya ta cikinta yake bi, sandarta tana juyawa, boris suna aiki, man yana zafi yana sanyi. A Defender da yawancin Prado da Land Cruiser 100 ma babu 2H ɗin sam, ƙafafu huɗu suke ja ko da yaushe.

Littafin mota da kilomita yake lissafi. A Kwatano ruwa yana rigan kilomita, kuma wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Garin a kan yashi yake zaune tsakanin teku da tafkin Nokoué, bai ɗara fuskar ruwa da wani abin kirki ba, ga kuma damina biyu: babba daga Afrilu zuwa Yuli, wadda ta fi ƙarfi a Yuni, da ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Ba sai an yi ambaliya irin ta 2010 ba. Ruwan dare ɗaya ya isa ya mai da lungunan yashin Agla ko Fifadji ko Vossa ko wasu sassan Akpakpa su zama tafki. Mai ƙaramar mota zai ja da baya, ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, ya nemi gefe, mai kat-kat kuwa shi ke kutsawa, don ai saboda irin wannan rana ya sayi motar. Motar za ta fita lafiya lau, amma ga abin da ya faru a ƙasa: akwatin ya ɗau zafi da tafiya, sai ya tsunduma cikin ruwa mai sanyi. Iskar da ke cikinsa ta tsuke, sai ya zuƙo duk abin da ke bakin ƙofa, ko ta bututun numfashin da ke samansa, ko ta sil ɗin farfela in ya tsufa. Ruwan ya cakuɗu da mai, man ya rasa santsinsa, boris su soma tsatsa a ɓoye. Ruwan lungu kuma ba tsabtatacce ba ne, da yashi yake shigowa, a kusa da bakin lagun har da gishiri.

Bayan ruwa, abu na biyu shi ne tarihin motar. Yawancin kat-kat ɗin da muke hawa ta tashar jiragen ruwan Kwatano suka sauka, suka yi zama a wuraren sayar da motocin Sekandji ko Ekpè a kan hanyar Porto-Novo, kafin su zo hannunmu. Dillali zai nuna maka inji, ya kunna sanyi, ya nuna kujeru. Ba shi da labarin ranar da aka yi wa tiransifa juye na ƙarshe, shi ma a haka ya same ta. In daga Amurka ta zo, ka tuna da mil take ƙirge: lambar da ta nuna 150,000 ta haura kilomita 240,000. In daga Kanada ko arewacin Turai ta fito, ta sha gishirin da suke watsa wa tituna lokacin ƙanƙara, notinan ƙasanta sun kama. Motar da ta daɗe a tsaye cikin danshin bakin teku kuma takan tara raɓa a ciki ko da ba ta taɓa shiga ruwa ba.

Shawarata a kan lokaci ita ce: duk motar da ka sayo ta hannu, a yi mata juyen tiransifa cikin makon farko, tare da na inji, ko me dillali ya ce. Daga nan kada ka wuce kilomita 40,000 ko shekara biyu, duk wanda ya fara zuwa. Mai zirga-zirga a hanyar arewa, daga Kwatano zuwa Bohicon, Faraku, Kandi har Malanbil, tafiyar da ta haura kilomita 700, musamman in yana sauka daga kwalta ya shiga hanyoyin ƙasa na Banikoara ko Karimama da kaya a baya, gara ya rage. A ƙarshen Yuli da ƙarshen Nuwamba kuma a buɗe notin zuba mai na tiransifa a duba launin man. Haka nan duk ranar da ruwa ya kai tsakiyar taya ko ya wuce, a duba cikin kwana biyu, kada a jira ƙarshen damina.

Sai maganar wane mai, kuma a nan aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. A gareji da yawa duk abin da ba inji ba "man giya" ake zuba masa, daga galan ɗaya, mai kauri, lamba 90 ko 140, wai kauri ne ƙarfi. Ba haka ba ne. Kowace tiransifa da irin man da aka gina ta a kansa. Hilux ta 2005 zuwa 2015 man giya 75W-90 take sha, mai darajar GL-4 ko GL-5, lita ɗaya. Hilux ɗin da ta biyo bayanta da Prado 150 wani mai ne daban da ya fi ruwa-ruwa, wanda Toyota ke kira LF 75W, Hilux lita ɗaya, Prado lita 1.4. Nissan Navara D40 ba man giya take sha ba sam, jan man giyar otomatik ne, ATF, kimanin lita biyu, ko da giyabos ɗin motar na hannu ne. Pajero da tsofaffin L200 man giya GL-4 ne, fiye da lita biyu. Defender ma man giya, fiye da lita biyu. Motocin Amurka irin su Jeep da Ford da Chevrolet galibinsu ATF ne, wasu Silverado da Tahoe masu maɓallin Auto kuma suna da nasu shuɗin mai na musamman, Auto-Trak II, wanda in aka sauya shi da wani sai motar ta riƙa karkarwa a kwana.

Dalilin bambancin a fili yake. Da yawa daga cikin masu sarƙa suna da ɗan famfo a ciki da ke tura mai ta siraran hanyoyi zuwa boris. Ka zuba masa mai mai kauri, zai kasa tura shi yadda ya kamata, sai ƙarfe ya zauna da ƙishi alhali akwatin cike yake. Ka zuba mai ruwa-ruwa inda ake son mai kauri kuma, ba zai iya tsayawa tsakanin haƙoran da ke danne juna ba. Bambancin GL-4 da GL-5 shi ma ba ado ba ne. GL-5 ya fi yawan sinadaran jure matsi, an yi shi ne musamman don aksul, kuma a akwatin da ke da zobban tagulla yakan hana su kamawa da kyau, wani ma ya riƙa cinsu a hankali. Inda littafi ya ce GL-4 kaɗai, a tsaya a kan GL-4. Inda ya yarda da duka biyun, ba laifi.

Waɗannan misalai ne don ka ga faɗin abin, amma hukunci na littafin motarka ne, can wajen shafukan ƙarshe inda aka jera mai da adadinsa. In littafin ya ɓace, wanda shi ne halin yawancin motocin hannu, ɗauki lambar shasi ka kai wa dilan kamfanin, ko ka nemi littafin a intanet da sunan motar da shekararta. Kada ka dogara da launin man da ya fito daga ciki, domin mai yiwuwa wanda ya riga ka ne ya zuba ba daidai ba. Masu ƙananan motoci irin RAV4 da Highlander su ma suna da 'yar tiransifa, man cikinta bai kai lita ɗaya ba, ɗan yoyo kaɗan ke ƙarar da shi.

Wajen saye kuma, ka sayi gora rufaffiya mai hatimi, a gidan mai ko shagon da aka sani, ka karanta lambobin da ke jikinta da idonka. Man da ake aunawa daga duro ko a ɗura a kwalba a bakin titi, ba ka san ko mene ne ba, wani lokaci shi mai sayarwar ma bai sani ba. A kayan da lita ɗaya ce za ta yi shekara biyu, neman araha ba shi da ma'ana. Ka sayi ɗan ƙari a kan adadin da littafi ya faɗa, domin wani zai maƙale a tiyo, wani ya zube.

Kayan aikin ba su da yawa. Soket da ya dace da kan notin, mai kusurwa shida ba goma sha biyu ba. A Toyota da yawa lamba 24 ce, a wasu motocin rami ne mai kusurwa huɗu da kan sandar soket ke shiga kai tsaye, a wasu kuma mabuɗin Allen. Sai kwano mai faɗi na tarar tsohon mai, tsumma, burushin ƙarfe, sababbin washa guda biyu, da ɗan famfon hannu da ake ɗaurawa a bakin gora, ko babban sirinjin mai da tiyo. Ba za ka iya karkata gora ka zuba kai tsaye ba, ramin a gefe yake kuma ƙasan mota ya tokare sama. In babu famfo, doguwar tiyo mai tsabta da mazurari suna yi: mutum ɗaya a tsaye gefen mota ya ɗaga mazurarin sama, ɗaya a ƙasa riƙe da bakin tiyon. Yana ɗaukar lokaci da man giya, amma yana shiga.

Kafin komai ka zagaya da motar kamar minti goma sha biyar don man ya yi ɗumi ya saki jiki, dattin da ya kwanta ya tashi ya biyo shi. Sannan ka nemi wuri mai daɓe wanda yake a miƙe, ba gangare. Wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne, domin da bakin rami ake auna cikar man; in motar ta karkata, awon ya karkata. A lungunan Tokpa-Hoho da Zango wuri ya yi ƙaranci, ƙasar kuma yashi ce a wurare da yawa, jak yana nutsewa a cikinta ba sallama. Abin da ya fi shi ne ka biya ɗan wani abu ka hau ramin gareji ko na wurin wankin mota. Yawancin kat-kat suna da tsayin da mutum zai shiga ƙarƙashinsu ba tare da an ɗaga ba. In dole sai an ɗaga, a ɗaga gaba da baya daidai, a kafa ƙafafun ƙarfe, kada ɗan Adam ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A ja birkin hannu, a sa wa tayoyi waigi gaba da baya. Ka kuma tabbata libar tiransifa ba ta kan N, domin in tana can motar za ta iya gangarawa ko da giyar otomatik tana kan P. Salansa tana wucewa dab da wurin, da zafinta, ka kula da hannunka.

In akwai farantin ƙarfen kariya, ka kwance shi. Za ka ga noti biyu masu manyan kai, galibi a fuskar akwatin da ke kallon baya: ɗaya can ƙasa na juye, ɗaya sama da shi, wajen tsakiyar akwatin, na zubawa. Ka goge kewayensu tas da burushi da tsumma don kada yashi ya faɗa ciki. Ka natsu ka tabbata na tiransifa ne, domin notin juyen giyabos yana nan kusa, kuma an sha ganin wanda ya zubar da man giyabos, ya ƙara wa tiransifa mai, ya tayar da mota. Ƙananan notina da masu waya a jiki ba ruwanka da su; wasu sifirin da 'yar ƙwallo ne a bayansu, in suka yi tsalle cikin yashi sai dai haƙuri.

Na sama ake fara kwancewa. Ko ba ka riƙe komai daga wannan shafi ba, ka riƙe wannan. In ka fara da na ƙasa, man ya zube, sannan na sama ya ƙi kwantuwa ko kansa ya murje, ka tashi da akwati babu mai kuma babu ƙofar zuba wani, motar ba ta motsawa sai an ja ta. In ka fara da na sama ya ƙi, ba ka yi asarar komai ba, sai ka mai da kayanka ka tuƙa zuwa wurin wanda zai iya. Ga motar da ta sha iskar teku, notin ƙarfe a jikin alminiyom yakan kama sosai. Ka fesa masa man sassauta tsatsa, ka bar shi ya jiƙa, ka danna soket ya zauna har ƙasa domin kan notin Toyota gajere ne kuma yana saurin murjewa, sannan ka ja da ƙarfi a tsaye ba da fizga ba. Kada ka bari a sa masa kurfi da guduma, kada kuma a kawo wutar walda kusa da shi. Akwatin alminiyom ne, a wasu motocin Amurka ma magniziyom, tsagewa ɗaya ta gama da shi.

Da na sama ya fita, kafin ka taɓa na ƙasa, sa ɗan yatsa a ramin. Ya kamata ka taɓo mai daidai leɓen ramin ko ƙasa da shi kaɗan. In ba ka taɓo komai ba, akwai inda yake yoyo, ka duba inda farfela suka shiga da kuma inda ɓangarorin akwatin suka haɗu. In kuwa mai ya bulbulo da yawa da ka cire notin, ko dai ruwa ya shiga ya ɗaga shi, ko sil ɗin da ke tsakanin giyabos da tiransifa ya mutu, man ɗaya yana ƙaura zuwa ɗaya. In haka ne a duba giyabos a ranar, domin abin da ya ƙaru a nan can ya ragu.

Yanzu ka tara kwano ka kwance na ƙasa. Man zai yi tsalle gaba da farko, ka ja kwanon nesa kaɗan. Ka bar shi ya tsane har ya koma ɗigo, ka yi amfani da lokacin wajen karanta abin da ya fito, domin wannan ne kaɗai rahoton da tiransifa za ta taɓa ba ka. Man da ya yi duhu amma yana da santsi, tsufa ne kawai. Man giya dama yana da warin farar wuta tun yana sabo, kada wannan ya tsorata ka. Warin ƙuna ne abin damuwa, yana nuna akwatin ya yi aiki da ƙarancin mai ko zafi ya yi masa yawa. In ya fito fari-fari kamar shayin da aka cika wa madara, ruwa ne. Wani lokaci ma ruwan ne zai fara fitowa zalla kafin mai, in motar ta kwana a tsaye. A kan notin wasu motoci akwai mayen ƙarfe: laushin baƙin gari a jikinsa ba komai, cin ƙarfe ne na yau da kullum, ka goge. Amma ɓarɓashi mai kaifi da kake ji a yatsa, ko gutsattsarin ƙarfe, ko ƙyalli ruwan zinariya a cikin man, waɗannan na boris ne ko haƙori ko tagulla. Sabon mai ba ya mai da abin da ya riga ya gutsure. Ka zuba shi don ka samu isa gareji, amma ka nuna wa ƙwararre abin da ka gani tun gyaran yana na boris ɗaya.

In ruwa ka tarar, juye ɗaya bai isa ba, domin gurɓataccen man yana maƙale a sarƙa da lunguna. Ka cika da sabon mai irin wanda ya dace, ka yi tafiyar kilomita talatin ko hamsin, ka sake juyewa, ka sake cikawa. Akwai masu cewa a ɗauraye da fetur ko gas. Kada ka yarda, ko da kpayo, fetur ɗin bakin titi, ya fi mai araha. Fetur yana busar da sil, kuma abin da ya rage a ciki zai tsinka sabon man.

Ka goge notin ƙasa, ka sa masa sabon washa, ka fara murza shi da yatsu har ya zauna kafin sifana ta taɓa shi. In ya yi tauri tun zagaye na farko, ya hau a karkace ne, ka fito da shi ka sake. Washan nan ana matse shi ne sau ɗaya ya baje ya toshe. Tsohon ya riga ya baje, shi ya sa mai amfani da shi yake ƙara ɗauri don ya tsai da ɗigo, har zaren alminiyom ya tsige. Toyota ta ƙayyade 37 Nm ga waɗannan notina a Hilux da Prado, wasu akwatunan Amurka ma ƙasa da haka suke so. In akwai sifana mai ma'aunin ɗauri, ita ce daidai. In babu, ka kama gajeriyar sanda da hannu ɗaya, ka ɗaure har ka ji washan ya zauna, ka tsaya. Ba a sa bututu a ƙara tsawon sanda, ba a takawa da ƙafa. Notinan da ba su da washa, irin masu siririn baki, ɗan man toshe zare ake shafa musu.

Sai zubawa. Ka sa bakin tiyo a ramin sama ka riƙa turawa a hankali har man ya soma dawowa ta leɓen ramin. Ka cire tiyon, ka jira rarar ta gama zuba ta koma siririn zare, sannan ka ɗaura notin sama da nasa sabon washan. Cikar ke nan. Kada a karkata mota don a ƙara cusa wani, man da ya yi yawa kumfa yake yi, ya yi zafi, ya nemi hanyar fita ta sil. Ka kwatanta abin da ya shiga da abin da littafi ya faɗa. In sun yi kusa, ka yi daidai. Ka goge jikin akwatin ya bushe ƙarau, don duk ɗigon da ka gani gobe ka san sabo ne.

Tunda kana ƙasa, ka laluba saman akwatin ka nemo bututun numfashin. A wasu motoci ɗan murfi ne mai motsi a kan akwatin kansa, a wasu tiyo ce da ta hau sama. In laka ta toshe shi, iska mai zafi ba ta da mafita sai ta tura mai ta sil, ka yi ta sauya sil yoyo yana dawowa. In tiyon ta tsage ko ta zare, ita ce ƙofar ruwa. Ga mai zama a unguwar da ke cika duk damina, gyara mafi amfani shi ne a ɗaura masa doguwar tiyo mai jure mai, a bi da ita nesa da salansa har cikin ɗakin inji, a ɗaure ta can sama, a sa mata 'yar matatar fetur a baki tana kallon ƙasa. A yi wa aksul biyu haka nan, don su suka fi kusa da ruwa, kuma in ka tarar da ruwa a tiransifa, da wuya su su tsira.

Akwai halayen tuƙi da ke kashe tiransifa ko da man cikinta na jiya ne. A motocin da ake sa wa kat-kat a cire, irin Hilux da Navara da Land Cruiser 70, 4H da 4L na yashi ne da laka da tsakuwa. A kan busasshiyar kwalta ko titin da aka shimfiɗa wa bulon siminti, ƙafafun gaba da na baya ba sa yin tafiya ɗaya a kwana, kuma babu inda bambancin zai zame, sai ya taru a sarƙa da haƙora. Da ka fito daga lungun ka hau titi, ka koma 2H. Tayoyi huɗu su zama lamba ɗaya, cinsu ya yi kusa, iskarsu daidai. Taya ɗaya sabuwa da uku sudaddu wahala ce ga akwatin, musamman a motar da ke ja da huɗu kullum. Barin kat-kat ɗin shekara guda ba a sa ba shi ma illa ne. Littafin Toyota yana cewa a yi tafiyar aƙalla kilomita 16 da shi kowane wata don mai ya zagaya sassan gaba. Duk wata hanyar yashi da ke kusa da kai ta wadatar. 4L kuma sai mota ta tsaya cik, giya tana N ko an taka kuloci, sannan a shiga.

Ba kowa ne zai kwanta ƙarƙashin mota ba, kuma ba dole ba ne. In makanike za ka kai wa, ka je da manka da washanka, ka tsaya a wurin. Sau da yawa yaron gareji ake turawa irin wannan aiki don ana ganinsa ƙarami, shi kuma abin da ya gani ana yi yake yi. Ba sai ka ɗaga murya ba. "Maigida, don Allah a fara kwance na sama, kuma ina so in ga tsohon man kafin a zubar." Makanike na ƙwarai ba zai ji haushin wannan ba, zai ma gane da wanda yake hulɗa. Ka ga an fasa hatimin gorarka a gabanka, ka ga man ya dawo ta bakin rami, ka karɓi ragowar ka ajiye a mota.

Tsohon man kuma a juye shi a gora mai murfi a bar wa gareji ko gidan man da ke tarawa. Kada a tuttular da shi a kwata ko a yashi. Kwatocin Tokpa-Hoho lagun suke faɗawa, inda masunta ke jefa taru, ruwan ƙasan Kwatano kuma kusa yake ƙwarai, abin da ka zubar a bayan gida ba ya daɗewa bai isa rijiyar maƙwabci ba.

Bayan an gama, ka yi 'yar tafiya, ka shiga 4H a kan yashi ka fita, ka tsaya ka gwada 4L, ka kashe rediyo ka saurara. Washegari da safe ka leƙa ƙasa ka shafa notinan biyu da yatsa, ka sake yin haka bayan mako guda. Danshi a kan noti, ɗan ƙarin ɗauri kaɗan ko sabon washa ne maganinsa. Danshi a inda farfela ta shiga kuwa sil ne, a sauya shi kafin ruwan sama na gaba. Ka rubuta kwanan wata da kilomita da sunan man a littafin da ke aljihun dashbod, ko da fenti a jikin farantin kariya, inda duk wanda ya shiga ƙarƙashin motar zai gani.